Me ake nufi da "haƙƙin al'umma a kan makarantar likitanci"?

Masu tsara karatun likitanci sukan ce makaranta kaza tana sauke haƙƙin al'umma, kaza kuwa ba ta saukewa. Maganar tana da ma'ana tsayayya. A 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya, ta hannun Charles Boelen da Jeffery Heck, ta fayyace ta: wajibi ne makarantar likitanci ta karkata koyarwarta da bincikenta da hidimarta ga matsalolin lafiyar da suka fi damun mutanen da aka kafa ta dominsu. Kuma ba malamai kaɗai ke tantance waɗannan matsaloli ba. Gwamnati da ma'aikatan lafiya da jama'ar da abin ya shafa su ma suna da ta cewa.

Da wannan ma'ana, yawan waɗanda suka ci jarrabawa bai isa shaida ba. Abin tambaya shi ne ina suke aiki bayan shekara biyar ko goma, kuma wa suke dubawa.

Daga wajen ɗaukar ɗalibai ake fara sauke haƙƙin. Wanda ya tashi a karkara ya fi saurin komawa can aiki, shi ya sa shawarwarin da hukumar ta fitar a 2010 kan riƙe ma'aikata a karkara suka nemi a ware wa irin waɗannan ɗalibai gurbi. Harshe ma haka. Tambayoyin da likita ke yi wa marar lafiya su ne ginshiƙin gano ciwo, kuma da zarar tafinta ya shiga tsakani, wani bayanin ya zube a hanya. Jinsi ma haka: akwai larurar da mace za ta ɓoye wa likita namiji har ta yi tsanani.

Sai wurin horo. Ɗalibin da bai taɓa fita daga babban asibitin koyarwa ba, ya riga ya saba da samun na'urori da ƙwararru a kusa. Makarantar likitanci ta Arewacin Ontariyo a Kanada, wadda ta fara karatu a 2005, takan tura 'yan aji uku ƙananan garuruwa su zauna kusan wata takwas suna bibiyar marasa lafiyar da suka fara gani. Jami'ar Jimma a Habasha ma ta daɗe tana fitar da ɗalibanta cikin al'umma.

Inda ake tuntuɓe sananne ne. A ɗauko yaro daga makarantar sakandare mai rauni ba tare da ajin share fage ko mai jagora ba, sai darussan sassan jiki da sinadarai su kayar da shi a shekarun farko, a koma ana cewa tsarin ne bai yi ba. Zaman mako biyu a ƙauye babu malamin da ke sa ido, babu masauki, ƙyamar wurin kawai yake koya wa ɗalibi. Yarjejeniyar tilasta wa wanda aka yaye yin aiki a karkara na wani wa'adi kuwa tana cike gurbi na ɗan lokaci, amma in babu gida da albashi a kan kari da hanyar ƙaro karatu, ranar da wa'adi ya cika a ranar ake haɗa kaya.

Wani kuskuren shi ne ƙidaya likitoci kaɗai. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2016, wato aƙalla ma'aikatan lafiya 4.45 ga kowane mutum 1,000, ya haɗa likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma ne. Makarantar da ke horar da su a rarrabe, tana yaye mutanen da sai a ɗakin haihuwa za su fara koyon aiki tare.