Ƙananan Girgizar Ƙasa Ba Sa Hana Babba Zuwa

A nan Ngaundere ta Kamaru, kamar sauran wurare, an daɗe ana cewa idan ƙasa tana motsi kaɗan-kaɗan, nauyin cikinta take saukewa, don haka babbar girgiza ba za ta zo ba. Lissafi ya ƙaryata wannan, domin kowane maki ɗaya a ma'aunin girgiza yana ninka ƙarfin kusan sau 32, wato sai an tara girgiza mai maki 3 wajen 32,000 kafin su kai guda ɗaya mai maki 6.

Sau da yawa abin da ke jawo jerin ƙananan motsi shi ne ruwa ko narkakken dutse da ke kutsawa cikin tsagin ƙasa, jerin motsin kuma ya lafa da kansa. Amma a L'Akwila ta Italiya, watanni aka yi ana jin ƙananan kafin babbar ta 2009 ta hallaka mutum fiye da 300.