Alhakin direba kan mai tafiya a ƙasa a Jihar Zamfara

Alhakin direba shi ne abin da ke hawa kan mai tuƙi, na diyya ko hukunci, idan ya buge mai tafiya a ƙasa saboda ganganci ko sakaci. Matsalar sananniya ce a garuruwan da hanyar Funtua zuwa Sakkwato ta ratsa, kamar Tsafe, Gusau, Bunguɗu da Talatar Mafara, inda kasuwanni ke ci a bakin titi, 'yan talla kuma ke rugawa da faranti a ka duk inda mota ta rage gudu.

Asali a fiƙihu

Hukuncin ya girmi mota. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai tun da daɗewa, mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamunin abin da ta taka, kuma a kan wannan ne malaman zamani suka yi ƙiyasin direba. Idan rai ya salwanta ba da nufi ba, kisan kuskure ne, wanda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi bayaninsa. Diyyarsa raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, kuma dangin direba na wajen uba ne ke haɗa ta, shi kuwa kaffara ke kansa, azumin wata biyu a jere. An yi saɓani kan rabon alhaki idan mamacin ne ya faɗo titi ba zato. Zamfara ta soma aiki da dokar hukunta laifuka ta Shari'a a Janairun 2000.

Dokar ƙasa

Hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa a cikin gari. Inshorar da ke biyan wanda aka ji wa rauni wajibi ce a kan kowace mota, sai dai direbobi da yawa suna yankar ta ne don gudun kamun jami'ai kawai.

Sulhu

Galibi maganar ba ta kaiwa kotu. Direba kan gudu ofishin 'yan sanda don tsoron fushin jama'a, daga baya shugabannin tasha da mai unguwa su je ta'aziyya, iyalai su ce ƙaddara ce, sun yafe. Yafiyar manya ba ta sauke kaffara, kuma malamai na gargaɗin cewa ba ta shafe rabon marayu ƙanana a diyya, hakkin da sau da yawa ba a ko ambata shi a zaman makoki.