Fawa bank a jirgin sama: inda doka ta yarda ka ajiye shi, da girman da ba ya hawa

Rashin tsayayyar wutar lantarki ya koya wa mutanen Abuja sayen fawa bank mai girma. Mazaunin Kubwa ko Lugbe idan ya shiga Banex a Wuse 2, tambayarsa guda ce: wanne ne ya fi riƙe caji? Mai shago sai ya miƙo masa mai 30,000 mAh ko 50,000 mAh, wato lambar yawan cajin da yake riƙewa. A gida wannan dabara ce mai kyau. A filin jirgin Nnamdi Azikiwe kuwa, irinsa ne ke tsayar da fasinja gaban jami'an tsaro na FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta Najeriya, ana ta kai ruwa rana, jirgi kuma ba ya jiran kowa.

Ba jami'in ne ya ƙirƙiro dokar ba. Tushenta ƙa'idojin ICAO ne, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama da ke Montireyal a Kanada. Ƙungiyar kamfanonin jirage ta IATA tana bin su, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, kuma ita ke sa ido a kansu a Najeriya. Kowane kamfani yana da ikon ƙara tsauri a kan nasa jirgin, amma ba ya da ikon sassautawa.

Abin da ake tsoro shi ne batirin litiyom, wanda ke cikin waya da laftof da fawa bank da abin sauraro na kunne. Idan ya matsu, ko ya huje, ko an ƙera shi da aibi tun daga masana'anta, yakan ɗauki zafi daga cikinsa. Ɗaki ɗaya na batirin ya zafafa na kusa da shi, wannan ma ya zafafa na gaba, har wuta ta tashi da hayaƙi mai guba. Irin wannan wuta ko an kashe harshenta tana iya sake tashi, domin zafin yana nan a ciki. Maganinta a sanyaya ta da ruwa mai yawa, a kuma ci gaba da lura da ita. Ma'aikatan jirgi an horar da su a kan haka, amma sai hannunsu ya kai ga abin. Can ƙasa inda ake jibge manyan jakunkuna, babu wanda zai shiga alhali jirgi na sama.

Daga nan aka samo babbar ƙa'ida: fawa bank da duk wani batir da ba a cikin na'ura yake ba, jakar hannu kawai yake shiga. Ba a sa shi a babbar jakar da ake aunawa, komai ƙanƙantarsa. Waya ko laftof mai batir a jikinta an fi so ka riƙe ta, amma idan dole ce ta shiga babbar jaka, sai a kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba, a kuma naɗe ta yadda ba za ta matsu ko ta kunna kanta ba.

Sai batun girma, wanda nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Lambar da muke ciniki da ita a kasuwa mAh ce. Doka kuwa da Wh take awo, wato ma'aunin yawan ƙarfin lantarkin da batir ke ɗauke da shi. Batirin da bai wuce 100 Wh ba yana hawa ba tare da neman izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi, kuma guda biyu ne iyaka. Abin da ya haura 160 ba ya bin fasinja, ko a hannu ko a jaka.

Lissafin ba wuya. Yawancin fawa bank a kan bolt 3.7 suke, don haka ka ninka mAh da 3.7 ka raba da 1,000. Mai 10,000 ya zama 37 Wh. Mai 20,000 ya zama 74. Mai 27,000 yana tsayawa daf da 100, shi ya sa za ka ga masana'antu da yawa suna tsayar da nasu a nan. Mai 30,000 ya kai 111, ya shiga sahun masu neman izini. Mai 50,000 kuwa 185 ne, babu roƙon da zai shigar da shi. Akwatunan nan na caji da ake haɗawa da sola a kunna fanka da talabijin, galibinsu sun wuce iyakar nesa ba kusa ba. Wanda zai kai wa iyaye tsaraba Jos ko Kano, mota ce hanyarsa. Batirin wayar hannu yawanci bai kai 20 Wh ba, na laftof ma akasari ƙasa da 100 yake, saboda haka ba su ne abin damuwa ba.

Jami'i da rubutun da ke jikin kaya yake aiki. Idan rubutun ya goge, yana iya ƙin karɓa. Abin dariyar ma shi ne jabun da aka rubuta masa 50,000 alhali bai kai rabin haka ba: ƙaryar da ta sa aka saye shi ita ce za ta sa a ƙwace shi.

Akwai tarko guda da ke kama har waɗanda suka san doka. A ƙananan jirage na cikin gida, ko idan wurin ajiya na sama ya cika, akan karɓi jakar hannu a bakin matakala a kai ta ƙasa. Daga wannan lokacin ta zama babbar jaka. Ka buɗe ta nan take ka cire fawa bank da sauran batura, ko da na bayanka suna tsaki.

Batun yin caji a cikin jirgi shi ne ya fi sauyawa tun daga 2025. A ranar 28 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a jirgin Air Busan a filin Gimhae na Koriya ta Kudu, yana shirin tashi zuwa Hong Kong. Kowa ya fita da rai, amma jirgin ya ƙone, bincike kuma ya karkata ga wani fawa bank da ke wurin ajiya na sama. Daga 1 ga Maris Koriya ta Kudu ta hana ajiye shi a can. Singapore Airlines ya hana amfani da shi ko caja shi a jirgi daga 1 ga Afrilu. Emirates ya bi sahu daga 1 ga Oktoba: guda ɗaya tak, ƙasa da 100 Wh, a aljihun kujera ko a jakar da ke ƙarƙashin kujerar gabanka, kuma ba a jona shi da komai. 'Yan kasuwar da ke zuwa Guwanzu su lura, tun 28 ga Yunin 2025 Sin ta hana hawa jiragenta na cikin gida da fawa bank marar tambarin 3C, shaidar ingancin kaya ta gwamnatin Sin. Jona waya a mahaɗar caji ta jikin kujera, inda akwai ta, wannan daban ne, yawanci ba a hana shi sai lokacin tashi da sauka. A ganina ko kamfaninka bai ce komai ba, cika wayarka a ɗakin jira ka bar fawa bank ya huta inda idonka ke kai.

A nan gida kuma, cikin Agustan 2025 shugaban NCAA, Kyaftin Chris Najomo, ya ba da umarnin a riƙa kashe waya ɗungurungum yayin tashi da sauka. Sa ta a yanayin jirgi bai wadatar ba a waɗannan mintoci.

Batirin da ya kumbura ko ya fashe ba ya tafiya ko ina. Wanda ke da lafiya, kada a jefa shi cikin makullai da tsabar kuɗi. A sa shi a 'yar jakarsa ko a manne bakinsa da salatif. Idan waya ta zame ta shige ƙarƙashin kujera, kada ka motsa kujerar, ƙarfenta na iya murƙushe batirin. Kira ma'aikaciyar jirgi. Haka idan ka ji na'urarka ta yi zafin da ba ka saba ji ba. Sannan saƙon da akan ɗora wa matafiyi, musamman maniyyata da masu Umara, "don Allah Alhaji a miƙa wa wane": tambayi abin da ke ciki kafin ka cusa shi a babbar jaka, domin idan na'urar bincike ta hango batir, sunanka za a kira.