Gubar ƙarafa ga ɗan tayi

Gubar ƙarafa ga ɗan tayi ita ce cutarwar da dalma, zaiba da makamantansu ke yi wa jariri tun yana ciki. Sukan shiga jikin uwa ta abinci, ruwa, ƙura ko shafe-shafe, su ratsa mabiyiya su isa jinin ɗan.

Dalma ce aka fi sani. Jiki yakan ɗauke ta tamkar sinadarin kalsiyam ya ajiye a ƙashi shekara da shekaru. Idan ciki ya shiga, ƙashin uwa na sakin kalsiyam domin gina na jariri, sai tsohuwar dalmar ta biyo. Shi ya sa gubar da mace ta kwasa tun tana budurwa ke iya taɓa ɗan farinta. Tana jawo ɓari, hawan jini, haihuwar bakwaini ko jariri maras nauyi. Illar ƙwaƙwalwa kuwa sai daga baya take bayyana: jinkirin magana, rashin natsuwa, wahalar ɗaukar karatu, abin da a gida kawai za a ce yaro ba ya ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Zaiba ta yi ƙaurin suna ne a Minamata ta Japan, inda aka gano cutar a 1956. Mata sun ci gurɓataccen kifi, wasu ba su ji komai ba, amma suka haifi ’ya’ya da naƙasar ƙwaƙwalwa. A Najeriya, dalmar haƙar zinare ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

A Legas hanyar daban ce. Hausawa da yawa na sana’ar gwangwan, suna fasa tsoffin batura da ƙona wayoyin lantarki a wurare irin su bolar Olusosun da kewayen kasuwar Alaba. Magidanci ya koma Agege da ƙura a riga da takalmi, matarsa mai ciki ita ce za ta kakkaɓe ta wanke. Akwai kuma wasu mayukan bilicin masu zaiba, da farar ƙasar da masu ciki ke kwaɗayi. Sai kwalli, wanda ba a cika zargi ba: a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ruwaito wani kwalli da aka kawo daga Najeriya ana sa wa jariri a Boston, kashi 82.6 cikin ɗari nasa dalma ne.

Gwajin jini ne ke tabbatar da gubar. Ƙarancin sinadarin ayon da kalsiyam na sa hanji ya ƙara tsotse dalma, don haka magungunan ƙarin jini na awon ciki suna da amfani a nan ma.