Amfilifaya mai kwalba ta araha za ta iya jan manyan sifikoki?

Tun da amfilifaya mai kwalba ta fara shigowa hannun masu son sauti a nan Gusau, tambayoyi iri ɗaya nake sha a shago. Don Allah a karanta kafin a zo.

Tambaya: Mece ce ita?

Na'urar ƙara ƙarfin sauti ce irin ta da, mai aiki da bawul maimakon taransisto. Kwalaben nan masu jan haske idan sun ɗau zafi.

Tambaya: Ta fi ta zamani daɗi?

Kunnenka ne alƙali, ba ni ba.

Tambaya: An rubuta wat 500 a jikin kwalin.

Ƙarya ce. Bawul EL84 guda biyu a kowane ɓangare, na hagu da na dama, wat 10 zuwa 15 suke bayarwa, EL34 kuwa wajen 35. Ɗaga ta ka ji. Ta gaske nauyi gare ta saboda taransifomomi. Idan ka ji ta sakayau, kwalaben na ado ne kawai, wani ɗan cip ne a ciki ke yin aikin.

Tambaya: Zan iya kunna ta ba sifika, don gwaji kawai?

Kada ka kuskura! Taransifomar fitar da sauti kake nema ka ƙona, ita ce kuma mafi tsada a ciki.

Tambaya: Sifikokina na falo masu tsada ne daga Ingila. Za ta ja su?

To, Alhaji, nan ne ba na iya cewa e ko a'a kai tsaye. Tsada ba ta shiga lissafi. Juya sifikar ka karanta bayanta, ko takardarta. Akwai lamba mai dB, wadda ke nuna ƙarar da take yi da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Idan 90 ce ko sama, kwantar da hankalinka, wat 12 ya ishi falo. Idan 85 ce ko ƙasa, sai a yi tunani, domin duk faɗuwar dB 3 sai ka ninka wat kafin ka samu ƙara iri ɗaya. Abin da wat 12 ke yi wa mai 91, sai wat 48 zai yi wa mai 85.

Amma ba nan ta tsaya ba. Akwai kuma lambar om, ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shiga ta. Om 8 da aka saba rubutawa matsakaici ne; wata sifikar takan sauka zuwa 3 a wajen bas, wato sauti mai kauri irin na ganga, kuma nan ne amfilifaya ta araha ke kasawa, saboda a taransifoma masu ƙera ta suke tsuke kuɗi. Sai ka ji gangar ta saki, ba ta tsayawa cak. Idan akwai mazaunin waya na om 4 a bayan amfilifayar, gwada shi, sau da yawa yana gyarawa, ko da yake ba kullum ba. Kuma akwai masu saɓa wa lissafin: 'yar sifikar BBC, LS3/5a, ba ta kai dB 85 ba, amma da yake om ɗinta na sama ne, tana zaman lafiya da bawul a ƙaramin ɗaki. Sai kuma kai kanka. Mai jin karatu ko gurmi a hankali da dare daban, mai son ganga ta girgiza taga daban. Roƙi mai sayarwa a jona ta da sifikokinka a falonka, da abin da ka saba ji, kafin ka biya. In ya ƙi, riƙe kuɗinka.

Tambaya: Ina so in yi biki da ita.

A'a. Je ka ɗauko hayar kayan sauti.

Tambaya: Wutarmu fa?

Yawwa, da wannan ya kamata ku fara. Sa mata sitabilaiza, musamman a janareto. Duba baya kuma: idan ta Amurka ce mai bolt 120, wutarmu 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. A zafin Afrilu kada ka cusa ta cikin kabad, a bar mata iska.

Tambaya: Ƙurar hunturu ta shiga, in buɗe in share?

Ƙanena, cire hannunka. Akwai bolt sama da 300 a ciki, kuma yakan zauna a kapasito, ɗan abin da ke adana wuta, ko bayan an zare waya. Kai wa mai gyara.