Turin sauti

Turin sauti shi ne ƙarfin da igiyar sauti ke matsa wa abin da ta ci karo da shi, matsi mai ɗorewa zuwa gefe guda. Dabam yake da girgizar da mutum ke ji a ƙirji in ya tsaya kusa da lasifikar biki a Yamai, domin ita girgizar gaba da baya take yi, shi kuwa turin ɗan ragowar da ke saura ne bayan kai-da-komon. Ƙanƙane ne ƙwarai: sauti mai ƙarfin wat 1 a cikin ruwa, in abu ya shanye shi duka, turinsa kusan nauyin miligiram 68 ne kawai.

Tarihi

A 1866 Bajamushe August Kundt ya nuna yadda ƙura ke taruwa tsibi-tsibi a cikin bututun da sauti ke kai da komo. Wajen shekarun 1870 Vinko Dvořák ya lura cewa sauti na iya ture ƙananan kwalabe marasa nauyi. Lord Rayleigh na Ingila ne ya fara shimfiɗa lissafin al'amarin a 1902, shekara guda bayan haka Altberg ya auna turin a Mosko. Gwajin da ya fi jan hankali shi ne na Wood da Loomis a Amurka, 1927: sautin da ya wuce jin kunne ya sa mai ya tashi sama kamar marmaro. Louis King ya lissafa turin a kan ƙwallo mai tauri a 1934, Gor'kov ya faɗaɗa aikin a 1962.

Masana sun daɗe suna gardama kan iri biyu na turin: na Rayleigh da na Langevin, wani masani Bafaranshe. Bambancin ya danganta ne ga ko sautin a tsare yake ko a sake.

Tsakanin abubuwa biyu

Kumfa biyu masu bugawa tare a cikin ruwa suna jan juna, in bugunsu ya saɓa sai su ture juna. Ana kiran wannan da sunan Bjerknes na Norwe. A 1998 Larraza da Denardo suka jera faranti biyu cikin ƙara mai tsanani, suka tarar tazarar da ke tsakani ce ke sa su jawo juna ko su rabu.

Amfani

Da shi ake auna ƙarfin na'urorin eko na asibiti, masu ɗaukar hoton cikin jiki da sauti, ana kuma gwada taurin hanta da shi. A ɗakunan gwaji yana rataye ɗigon ruwa a iska.