Sanya wa kod kala a tamina

Sanya wa kod kala dabara ce da manhaja ke bi ta nuna rubutun shirin kwamfuta da launuka daban-daban, kowace kalma gwargwadon aikinta, a cikin tamina, wato baƙin allon nan da babu hoto babu komai sai rubutu zalla. Kalmomin da yaren rubuta shirin ya keɓe wa kansa irinsu if da for da def a yaren Python su fito da kala ɗaya, lambobi wata kalar, abinda ke cikin alamar zance wata, bayanin da mai rubutu ya barwa kansa bayan # shima da tasa. Fayil ɗin baya canjawa ko kaɗan, kalar a ido kawai take, in ka tura wa abokinka shi ta WhatsApp rubutu ne tsurarsa zai isa.

Yadda abin ke aiki

Tamina bata san Python ba bata san C ba, abinda ta sani kawai wasu ɓoyayyun haruffa ne da ake cusa mata a tsakiyar rubutu. Ana farawa da harafin ESC, shine mai lamba 27 a jerin ASCII, wato jerin lambobin haruffan kwamfuta, sai alamar [ sai lamba sai m. In lambar 31 ce duk abinda ya biyo baya ja ne, 32 kore, 33 rawaya, 34 shuɗi, sai an turo 0 sannan ta koma yadda take. Daga 30 zuwa 37 kalar rubutu ce, 40 zuwa 47 kuma kalar bayan rubutun. Tsarin ya samo asali ne daga ƙa'idar ECMA-48 ta 1976 da ANSI X3.64 ta 1979, kuma na'urar VT100 da kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1978 ita ta yaɗa irin waɗannan haruffa duk da ita kanta bata da kala. Da kala 8 aka fara, aka koma 16, sai 256, yanzu taminoni da yawa suna iya nuna sama da miliyan 16.

Ɗaya rabin aikin na edita ne, wato manhajar da ake rubuta kod a ciki, shi zai tsinka rubutun gutsi-gutsi ya gane wannan lamba ce wannan suna ne sannan ya liƙa wa kowanne lambar kalarsa. Editocin nano da Vim siffar kalma suke dubawa su dace ta da wasu ƙa'idoji, shiyasa wani lokacin suke ruɗewa in fayil ya yi tsawo, shi kuwa Tree-sitter, wata manhajar tsinka kod da editan Neovim ya fara ɗauka a 2021, ginin kod ɗin gaba ɗaya yake bi, kuskurensa ya fi ƙaranci.

Tarihi da kayan aiki

Cikin editocin farko da suka yi wannan akwai LEXX wanda Mike Cowlishaw na IBM ya rubuta a 1985 don aikin ƙamus ɗin Oxford. Vim na Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fito a 1991 amma sai a 1998, a Vim 5.0, ya samu kala, ana kunna ta da :syntax on. nano yana karanta nasa ƙa'idojin daga fayilolin nanorc. In karantawa kawai zakayi ba gyara ba akwai pygmentize na Pygments da ya fito a 2006, da bat wanda kamar cat (umarnin nuna fayil a allo) yake amma da kala da lambar layi, a Ubuntu da Debian sunansa batcat. In zaka zuba sakamakon cikin less, manhajar karanta rubutu shafi-shafi, ka saka -R, in ba haka ba sai kaga tarkacen ESC[31m birjik a allo.

Amfaninsa a wajenmu

Gaskiya anan ne abin ya fi daraja. Yaro a ƙauyen Ringim ko Gwaram ko Tsanyawa da yake koyon Python, da yawansu babu laptop, waya ce da Termux a ciki, wato manhajar tamina ta Android, allo ɗan ƙarami, cajin ma sai an kai wajen mai caji, ga babu malami kusa da zai duba masa. To in ya buɗe alamar zance uku a jere ya manta bai rufe ba, nan take zaiga duk layukan ƙasa sun rine sun zama kala ɗaya, tun kafin ya kunna shirin ya san inda matsalar take. In ya rubuta whlie maimakon while kalmar bazata ɗauki kala ba, ido zai tsaya akanta. Wannan kaɗai ya isa a ce duk mai koyarwa ya fara kunna wa ɗalibansa kala tun ranar farko.

Matsalar da aka fi kuka da ita shuɗin nan mai duhu ne na lamba 34, akan baƙin allo da rana tsaka ko a inuwar darbejiya kake baka ganinsa sam. A Vim :set background=dark yana mayar da kalolin masu haske, a Termux kuma ana canja su a fayil ɗin colors.properties dake cikin ~/.termux. Akwai kuma masu lalurar rashin bambance ja da kore, su gara su zaɓi tsarin da ya dogara da rubutu mai kauri da haske.

Kala dai bata tabbatar da cewa shirin daidai yake, kod zai iya fitowa tsaf da kalolinsa lissafin ciki kuma a karkace. Wanda baya son kalar ma gaba ɗaya sai ya saita NO_COLOR a taminarsa, wato saitin hana kala, manhajoji da dama ciki harda bat suna mutunta shi.